Nasiha a Kan Sauraron Mai Mulkin da Ake Tuhuma

Bayan godiya ga Allah da salati ga Annabinsa, ka sani, ya kai mai karatu, Allah ya ƙara maka fahimta, an rubuta wannan 'yar takarda ce a kan wata mas'ala wadda ta yawaita a zamaninmu, ko da yake tushenta tsoho ne. Mas'alar kuwa ita ce, mutum ya riƙe mulki ko dukiyar jama'a, a tuhume shi da cin amana, sunansa ya ɓaci a kasuwa da tasha, sa'an nan bayan an kwana biyu masu ɗaukar fim su iske shi a gidansa, su zaunar da shi bisa kujera, su haska masa fitila, su ce masa faɗi naka. Ba fim ɗin wasan kwaikwayo nake nufi ba, wanda ake ƙaga labarinsa. Ina nufin wanda ake haɗawa da mutane na ainihi da hotunan abin da ya auku, irin wanda iyayenmu suka fara sani da sunan majigi, wanda yau ake kallonsa a akwatin talabijin da wayar hannu, ana kuma jin ɗan'uwansa a rediyo.

Mutane sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Wasu sun ce bai kamata a ba wanda ya cuci jama'a dandalin da zai wanke kansa ba. Wasu kuma sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, a bar shi ya faɗa, abin da ya faɗa kuwa shi ne ainihin labari. Abin da nake so in tabbatar maka a nan shi ne, sauraronsa haƙƙinsa ne a kanmu, amma gaskata shi ba ya cikin haƙƙin nan, domin a kowane irin wannan zama akwai mutum na uku wanda ba a gayyata ba, watau wanda aka ce an cuta, kai mai kallo kuwa kai ne wakilinsa.

Fasali na farko, a kan haƙƙin wanda ake tuhuma

Ka sani alƙalan ƙasar Hausa sun gaji wata ƙa'ida daga fiƙihun Malikiyya, ana ce mata i'izari. Idan an gama jin ƙara da shaidu, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya juya ga wanda hukuncin zai hau kansa, ya tambaye shi a gaban shaidu ko yana da sauran hanzari. In alƙali ya tsallake wannan mataki, kotun sama tana iya rushe hukuncin, ko da kuwa shaidu sun cika. Magabata ba su sa wannan ƙa'ida don suna zaton kowane wanda ake ƙara mai gaskiya ne ba. Sun sa ta ne don sun san alƙali mutum ne, shaidu mutane ne, kuma akwai abin da ba wanda ya san shi sai wanda abin ya faru a hannunsa.

To, idan haka ake yi wa wanda aka kama da satar akuya, ina ga wanda aka tuhuma a gaban ƙasa duka? Shi irin wannan mutum, sau da yawa ba a kai shi gaban alƙali ba ma. Jarida ce ta yi ƙararsa, jita-jita ta tsaya shaida, taron jama'a ya yanke hukunci. Wanda ya kayar da shi daga mulki shi ne yake riƙe da gidan rediyo, shi yake riƙe da takardun ofis, shi yake zaɓen abin da za a bayyana da abin da za a binne. Saboda haka idan masu fim suka je suka ji ta bakinsa, sun cika wani gurbi ne da aka bari a buɗe, kamar dai sun yi masa i'izarin da aka hana shi.

Akwai kuma amfani na biyu, shi kuwa na jama'a ne. Talaka ya san an ci dukiya, amma bai san ta wace ƙofa aka fitar da ita ba. Bai san yadda ake raba lasisin shigo da kaya ba, bai san wa yake sa hannu a takardar kwangila ba, bai san abin da ake faɗa a majalisar ministoci bayan an rufe ƙofa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko da mutum ya zauna ne da nufin kare kansa, a cikin kariyar nan sai ya ambaci suna, ya ambaci rana, ya ambaci wanda ya ba shi umarni, mai hankali kuwa ya tsinci abin da ba zai samu a wani wuri ba.

Ka tuna yadda majigi ya faro a ƙasar nan. A zamanin Turawa mota ce take zuwa ƙofar fada da dare, a kafa farin ƙyalle, mai sharhi ya ɗauki lasifika yana fassara wa jama'a rangadin gwamna da amfanin takin zamani. Murya ɗaya ce a cikinsa, ta mai mulkin ranar. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a nan Kaduna a 1962, ba a daina ba wanda ke kan kujera rinjayen magana ba. Don haka ranar da aka wayi gari wanda ya faɗo daga kujera shi ma ana jin muryarsa, lalle an sami ci gaba, kada ka raina shi.

Fasali na biyu, a kan labarin Umaru Dikko

Domin kada magana ta tsaya a iska, ga misali daga mutumin da Kaduna ta sani. Alhaji Umaru Dikko ya tashi a Zariya, ya yi karatu a Ingila, ya yi aiki a sashen Hausa na BBC, ya zama kwamishina a nan Kaduna zamanin Jihar Arewa ta Tsakiya. Shi ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Alhaji Shehu Shagari, ya riƙe ma'aikatar sufuri daga 1979 zuwa 1983, aka kuma ɗora shi a kan kwamitin shugaban ƙasa na shigo da shinkafa. Da soja suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba 1983, ya sulale ya fita ƙasar ya sauka Landan. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sa shi a sahun farko na waɗanda take nema, tana tuhumarsa da kwashe dukiya mai yawa. Shi kuwa ya musanta, ya ci gaba da sukar sojan daga can.

Ranar 5 ga Yuli 1984 wasu mutane suka cafke shi a ƙofar gidansa a Landan, suka jefa shi a mota, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako tare da wani likita Ba'isra'ile wanda aikinsa shi ne ya kula kada numfashinsa ya tsaya. Aka rubuta wa akwatin adireshin ma'aikatar harkokin waje ta Legas, aka kai shi filin jirgin sama na Stansted, inda jirgin ɗaukar kaya na kamfanin jiragen saman Nijeriya yake jira. Sai dai sakatariyarsa ta hangi kamun ta taga, ta kira 'yan sanda. Akwatin kuma ba a cika masa ƙa'idar kayan jakadanci ba, wadda take hana a buɗe shi. Jami'an kwastan suka buɗe, suka same shi a sume. A 1985 kotun Ingila ta ɗaure mutum huɗu, Isra'ilawa uku da wani hafsan sojan Nijeriya, shekara 10 zuwa 14. Gwamnatocin Nijeriya da Isra'ila duka sun ce ba hannunsu. Dangantakar Nijeriya da Ingila ta yi tsami har aka janye manyan jakadu. Nijeriya ta nemi a miƙo mata shi ta hanyar doka, ba a miƙa ba. Ya zauna can har aka gayyato shi taron tsarin mulki na zamanin Janar Sani Abacha, ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuli 2014.

A 2012 BBC ta yi shiri a kan wannan lamari, ta ji ta bakinsa, ta ji ta bakin jami'in kwastan da ya tsaya kai da fata sai an buɗe akwatin. Wannan daidai ne, kuma ya cancanta. Mutumin da aka sa a akwati kamar kaya, da ya mutu a hanya da ba mai ba da labarinsa, yana da haƙƙin ya faɗi abin da aka yi masa. Ka lura kuma, a cikin watan nan na Yuli 1984 ne gwamnatin sojan ta ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashin doka ta 4, kuma 'yan siyasar da suka tsaya a gida kotunan soja ne suka yi musu shari'a. Wanda ya ce gudun da ya yi hujja ce a kansa, sai ya fara duba irin kotun da ake kiransa zuwa gare ta.

Fasali na uku, a kan wanda ba a gayyata ba

Yanzu ga inda santsi yake, ya ɗan'uwa, sai ka taka a hankali. A cikin labarin nan akwai ƙara biyu. Ta farko, ƙarar Umaru Dikko a kan waɗanda suka sace shi. Wannan an yi shari'arta, an kawo shaidu, an ɗaure masu laifi. Ta biyu, ƙarar jama'a a kan yadda aka sarrafa kuɗin shinkafa da lasisinta. Wannan ba kotun da ta tabbatar da ita a kansa, ba kuma kotun da ta zauna ta wanke shi bayan jin shaidu. Ta tsaya nan a rataye har ya koma ga Ubangijinsa.

Abin da fim yake yi, da shirin rediyo, shi ne ya rungumi ƙara ta farko ya saki ta biyu. Dalili kuwa a fili yake. Ƙara ta farko tana da mota da allura da akwati da jirgi, tana da farko da ƙarshe, tana da fuskar mutum guda wanda za ka tausaya wa. Ƙara ta biyu takardu ce da lissafi, waɗanda abin ya shafa kuma dubbai ne, ba ɗayansu da aka san sunansa. Zuciyar ɗan Adam tana iya ɗaukar wahalar mutum ɗaya, amma wahalar dubu sai ta zame mata ƙidaya. Sai mai sauraro ya tashi yana jin cewa wanda aka zalunta haka ba zai yiwu a ce akwai tambaya a kansa ba. Wannan kuskure ne na tunani. Mutum yana iya zama wanda aka zalunta ranar Alhamis, tambayar abin da ya yi ranar Laraba kuwa tana nan ba ta goge ba. Haka kuma tuhumar ranar Laraba ba ta halatta abin da aka yi masa ranar Alhamis ba. Kowace ƙara da ma'auninta.

Ka haye gada ka shiga Kakuri da Makera, ka dubi katangun masaƙu. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, wasu suka biyo bayanta, har unguwannin kudancin kogi suka cika da ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan, jiniya tana tashinsu tana sallamarsu. Da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, kayan aiki suka yi wa masana'antu wuya, aka shiga sallamar ma'aikata da hutun dole. A shekarun nan ne mutane suka san layin shinkafa da madara da sabulu. A shekarun nan ne kuma aka yaɗa wata magana da aka jingina wa ministan, wai ba a kai ga yunwa ba tun da ba a ga mutane suna tsintar abinci a bola ba. Masaƙin Kakuri da ya koma gida da rabin abin da ya saba kawowa, da matarsa da ta tsaya a layi tun asuba, su ne masu ƙara ta biyu. Ba wanda ya kafa musu fitila ya ce su faɗi nasu. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka mutu ba su karɓa ba.

Ban kawo maka wannan don in ɗora wa mutum guda rushewar masaƙu ba, domin sababanta suna da yawa, akwai faɗuwar kuɗin mai, da rashin wutar lantarki, da fasa-ƙwaurin atamfa. Na kawo shi ne don ka ga wanda ya kamata ya yi tambaya. Mai yiwuwa ne da an tambayi ministan a gaban masaƙin, da ya ba da amsa mai gamsarwa. Amma amsar da aka bayar a ɗakin da mai tambaya ba ya ciki, ba ta sauke nauyi ba. I'izari a kotu yana zuwa ne bayan mai ƙara ya yi magana, shaidunsa sun yi magana. I'izarin fim kuwa sau da yawa shi kaɗai ne shari'ar.

Fasali na huɗu, a kan yadda ake ɗinka irin wannan fim

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma an yi wannan karin magana ne kafin a ƙirƙiro na'urar da take zaɓar maka abin da za ka gani. Ka sani abin da ka kalla cikin sa'a guda, an ɗauke shi ne cikin sa'o'i masu yawa, wani ya zauna ya yanke ya liƙa, ya sa kiɗa mai taushi a inda yake so ka ji tausayi, ya bar shirun mutum ya yi tsawo a inda yake so ka yi zargi. Kafin a kunna na'ura kuma an yi ciniki: me za a tambaya, me ba za a taɓa ba, nawa za a biya.

Dubi shugaban Amurka Nikson, wanda ya sauka daga mulki a 1974 saboda abin kunyar Wataget, magajinsa kuma ya yi masa afuwa, don haka bai tsaya gaban alƙali ba. A 1977 ya yarda ya zauna da wani ɗan jarida Ba'ingile mai suna Furost. An biya shi dala 600,000 da wani kaso na riba, an ɗauki fiye da sa'a 28, aka tace aka nuna kaɗan daga ciki, mutum wajen miliyan 45 suka kalli kashin farko. Nikson ya shiga ne da nufin gyara sunansa. Amma mai tambayar ya yi shiri, ya zo da takardu da ranaku, ya matsa masa har ya amsa cewa ya ba mutanen ƙasarsa kunya, ko da yake bai amsa laifin da doka take hukuntawa ba. Abin da ya ba wannan zama daraja shi ne mai tambayar ya tsaya a matsayin waɗanda ba su nan.

Dubi kuma Idi Amin na Yuganda. A 1974 ya buɗe ƙofa ga wani mai ɗaukar fim daga Faransa, Barbet Schroeder, ya yi ta shirya masa faretin soja da taron majalisa, yana zaton zai fito gwarzo. A cikin fim ɗin an gan shi yana yi wa ministan harkokin wajensa faɗa a gaban sauran ministoci, sai mai sharhi ya ƙara da cewa bayan 'yan kwanaki an tsinci gawar ministan a kogin Nilu. Da Amin ya ji abin da aka ƙara, ya sa aka tsare Faransawan da ke zaune a ƙasarsa har sai da aka yanke minti biyu da wani abu, ba a mayar da su ba sai bayan faɗuwarsa a 1979. Ka ga a nan an bar mutum ya yi magana iyakar son ransa, bakinsa kuwa shi ya yanka wuyansa. 'Yan kalmomin da ya tsorata da su, su ne muryar wanda ba ya nan.

A ƙasarmu an ga irin wannan a kwamitin Mai Shari'a Oputa, wanda Shugaba Obasanjo ya kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam, Fada Matthew Hassan Kukah yana cikin membobinsa. An kai masa koke wajen dubu goma, ana nuna zamansa a talabijin, mutane suna taruwa suna kallo kamar wasan ƙwallo. A can ne Manjo Hamza Al-Mustapha, babban jami'in tsaron Janar Abacha, wanda yake tsare tun 1998, ya sami bakin magana. Mutum ne mai fasaha da natsuwa, ya burge masu kallo da yawa. Shari'arsa ta kisan Kudirat Abiola ta bi tata hanya dabam: wata kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2013. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga masu so da masu ƙi sun gama yanke nasu hukunci tun a gaban talabijin, shekara goma kafin alƙali ya buɗe baki. Tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, sun ƙi halarta. Rahoton da kwamitin ya miƙa a 2002 gwamnati ba ta fitar da shi ba, sai ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka bazu da shi a 2005. Jawabin mai fasaha ya zauna a kunnen jama'a, rubutaccen binciken kuwa kaɗan ne suka karanta shi.

Fasali na biyar, amsa ga mai cewa a hana

Idan ka ce, tun da haɗarin ya kai haka, me zai hana hukuma ta haramta irin wannan fim, sai in ce maka an gwada. A 2022 gidan talabijin na Trust da sashen bincike na BBC kowannensu ya fitar da fim a kan 'yan bindigar daji, aka ji muryar wasu shugabanninsu. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci tarar Trust da wasu kamfanoni uku naira miliyan 5 kowanne, tana cewa an ɗaukaka ta'addanci. A Janairun 2024 babbar kotun tarayya a Abuja ta soke tarar. Ɗan bindiga ba ɗaya yake da ministan da ake tuhuma ba, domin shi yana alfahari ne da abin da ya aikata, amma mas'alar bakin magana ɗaya ce. Iyayen yaran makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kaciya, waɗanda aka sace musu 'ya'ya 121 a watan Yulin 2021, in sun ce ba sa son ganin fuskar irin waɗannan mutane a talabijin, ba mai ganin laifinsu. Amma tarar ba ta dawo da yaro ko ɗaya ba, ba ta kuma hana fim ɗin yawo a wayoyin mutane ba.

Babban abin tsoro a hani shi ne wanda zai riƙe makullin. Mai mulkin yau shi zai zaɓi wanda za a ji da wanda za a toshe wa baki, gobe kuwa shi ne zai zama wanda ake tuhuma, magajinsa ya riƙe makullin. Umaru Dikko yana cikin masu ƙarfi a Disambar 1983, yana cikin akwati a Yulin 1984. Dokar da ta hana a ji shi, ita ce za ta hana a ji masaƙin Kakuri. Maganin fim mai murya ɗaya shi ne a ƙara masa muryoyi, a kawo mai tambaya wanda ya yi shiri, a kawo takarda, a kawo wanda abin ya shafa.

Fasali na shida, a kan ladubban mai kallo

Tun da ba kai kake ɗinka fim ba, abin da ke hannunka shi ne yadda za ka zauna a gabansa. Farko, ka saurara har ƙarshe, ko da mutumin ba naka ba ne. Wannan ya fi wajaba a kanmu mutanen garin nan, domin tun rikicin 2000 da na 2002 mutane da yawa suka yi ƙaura, wasu suka koma arewacin kogi, wasu kudancinsa, har ya zamanto fim ɗaya ana kallonsa a Sabon Tasha ana kallonsa a Rigasa, kowane ɓangare ya gama hukunci da jin sunan mai maganar kawai. Wanda yake auna magana da sunan mai ita, ko addininsa, ko garinsu, bai saurari kowa ba, kansa ya saurara.

Na biyu, ka raba abin da mutum ya gani da idonsa da abin da yake so ka ɗauka. Idan ya ce ranar kaza an kira ni ofishin wane, wannan labari ne da ake iya bincikawa. Idan ya ce ni ban taɓa nufin kowa da sharri ba, wannan shaidar mutum ce a kan kansa, ba alƙalin da yake karɓarta ita kaɗai.

Na uku, ka tambayi kanka wa ya ɗauki nauyin fim ɗin, me ya sa ya fito a wannan lokaci, ko zaɓe ya ƙarato, ko shari'a tana tafe. Ka lura kuma da tambayar da ba a yi ba, domin sau da yawa ta fi waɗanda aka yi nauyi.

Na huɗu, kada hawaye ya ruɗe ka, kada kuma ka yi masa izgili. Nadama iri biyu ce. Akwai mai baƙin cikin abin da ya yi wa mutane, akwai mai baƙin cikin abin da ya rasa na girma da suna, a fuska kuwa kamanninsu ɗaya. Malamai sun ce tuba a kan haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ga masu shi ko sun yafe. A Fabrairun 2025 Janar Ibrahim Babangida ya amsa a bainar jama'a cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni 1993 da aka soke, ya nuna nadama. Amsawar tana da amfani ga tarihi, gara ita da shiru. Amma ta zo ne bayan shekara fiye da 30, wanda aka hana kujerar kuwa ya rasu a tsare tun 1998. Ka karɓi gaskiyar da aka faɗa, yafiya kuwa ka bar ta ga masu haƙƙi, domin ba taka ba ce balle ka bayar.

Na biyar, kada ka ɗauki abin da ka kalla ka shiga majalisa kana rantsuwa a kansa. Idan ka ce wane ɓarawo ne alhali ba hujja, ka ɗauki alhakinsa. Idan ka ce wane an wanke shi alhali ba a ji masu ƙara ba, ka ɗauki alhakinsu. Ya ishe ka ka ce na ji abin da ya faɗa, ga inda maganarsa ta yi ƙarfi, ga inda ta yi rauni, saura a ji ɗaya ɓangaren.

Na ƙarshe, ka nemi ɗaya ɓangaren da ƙafarka, domin ba shi da nisa. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna nan a Kakuri da Nasarawa da Unguwar Television, matan da suka tsaya a layin shinkafa suna nan sun zama kakanni. Kai da kake da waya mai ɗaukar murya da hoto, ka nemi izininsu ka zauna gabansu, ka tambaye su nawa ne albashi a wancan lokaci, nawa ne mudu, wace rana aka rufe ƙofar masaƙa, me aka yi musu alkawari. Su ma maganarsu ka auna ta da ma'aunin da ka auna ta minista, domin talauci ba ya hana mantuwa ko ƙari. In an haɗa nasu da nasa, sa'an nan na baya za su sami abin da za su yi hukunci da shi.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa a rubuta a kan wannan mas'ala. Allah ya ba mu kunnen da zai saurari wanda muke ƙi, ya tsare harshenmu daga shaidar abin da ba mu gani ba, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, masu mulkinsu da talakawansu. Allah ne mafi sani. Tamat.